Awa 230 gare ni: jirgin fasinja ko jirgin Alhaji?

Ɗan Ƙofar Soro: Salamu alaikum manya. Na gama Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, lasisi yana hannu, awa 230 na tashi a littafi. Wani kamfani zai ɗauke ni mataimakin matuƙi a Embraer 145, amma ni zan biya kuɗin horon jirgin, in sa hannu shekara huɗu ba fita. Kawuna kuma ya yi mani hanya wajen wani attajiri mai jirgin Hawker a Abuja, albashin ya fi tsoka. Wanne zan kama?

Abu Rafindaɗi: Ka tafi Afirka ta Kudu ka yo lasisi, ya fi sauri.

Ɗan Ƙofar Soro: Yaya Abu, ai na ce lasisin yana hannu.

Tsohon Kyaftin: Yaro, awa za ka ƙirga. Sai ka tara 1,500 kafin ka samu babban lasisin da ake zama kyaftin da shi. A kamfani kana iya yin sawu huɗu a yini, Abuja, Kano, Legas. Jirgin attajiri kuwa sai ya yi sati uku a rumfa bai ga sama ba.

Baushe: Ni ganau ne. Albashin ya ruɗe ni na bi jirgin wani mai kuɗi. Waya a kunne dare da rana, ranar sunan ɗiyata ana feɗe rago aka kira ni. Kai ne mai loda jakunkuna, kai ne mai sayo ruwa da kilishi, kai za ka kakkaɓe kujeru. A ce tashi ƙarfe goma, sai bayan la'asar ya iso da jama'arshi. Ran nan za mu Katsina hazo ya rufe, kyaftin Bature ya ce ba shi tashi, sai Alhaji ya juyo kaina: "Kai da kake ɗan gida, ba ka iya lallaɓawa da mu?" Daga baya jirgin ya tafi gyara Turai, albashi ya tsaya, gwajin da ake mana duk wata shida ya wuce ba wanda ya biya. A bakin direbanshi na ji an saida jirgin. Yaran da na riga gamawa yau su ne a kujerar hagu ta kyaftin.

'Yar Daura: Allah Ya musanya maka, Malam Baushe. Ƙanena dala 18,000 ya biya na horon Embraer.

Baushe: Hajiya, wace shekara? Bara 30,000 aka ce wa wani yaro.

'Yar Daura: Rasit ɗin yana gidanmu.

Injiniya Funtua: Duk kuna da gaskiya. Ita ta faɗi na makaranta kawai, ban da tikiti da masauki da saukar da ake yi da jirgin gaske. Ɗan Ƙofar Soro, lasisin Embraer 145 yana aiki a Legacy 600, jirgin da attajirai ke saye. In ka fara da kamfani ba ka rufe ɗaya ƙofar ba. Amma Kyaftin, ku a zamanin Nigeria Airways gwamnati ta biya maku komai, kuma tun 2003 ta rushe. Ba ku san zafin saida gona don horo ba.

Tsohon Kyaftin: Mai sifana zai koya mani tuƙi?

Injiniya Funtua: Ranka ya daɗe, sai mai sifana ya sa hannu kake tashi.

Na Gobarau: In ka samu na Alhajin ka riƙa rage mani hanya zuwa Jibiya.

Baushe: Abin da ke ci mani rai, jiragen nan da yawa rajistar waje gare su, masu inshora kuma ba su yarda da mai ƙarancin awa. Sai a ɗauko Bature ana biyan shi dala, namu na zaune.

'Yar Daura: Wani ɗan ajin ƙanena yanzu waya yake saidawa a Ƙofar Ƙaura.

Ɗan Ƙofar Soro: To manya, batun sa hannun shekara huɗun fa?

Abu Rafindaɗi: Wai Turawan nan har gida da mota ake ba su?