Bidiyon biki daga DVD zuwa MP4: hoto ya miƙe

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai faifan DVD na biki da ake so a mayar MP4 don kallo a waya da talabijin ta filashi. An gwada wata manhajar waya, kowa ya fito ya rame ya yi tsawo, ga wasu layuka-layuka duk sanda mutum ya motsa. Da me ya kamata a yi?

Maman Usaina: Wa alaikumus salam. HandBrake a kwamfuta, manhajar juya bidiyo ce, kuma kyauta ce.

Sarkin Dariya: Amarya ta koma falwaya ke nan 😂

Injiniya Bala: Matsalar biyu ce, malam. Ta farko, DVD irin namu na PAL, wato tsarin talabijin ɗinmu, hotonsa 720x576 ne, ko na 4:3 ne ko na 16:9. Ɗigon hoton ba murabba'i ba ne, akwai wata alama a cikin fayil ɗin da ke gaya wa na'ura ta buɗe shi ya kai 1024x576 in mai faɗi ne, ko 768x576 in na tsohon talabijin ne. Manhajar da ta yi biris da alamar sai ta matse hoton, shi ya sa fuskoki suka sirance. A HandBrake kada ka ɗauko VOB ɗaya (fayilolin bidiyon da ke cikin faifan), ai yanka su ake yi kusan 1GB-1GB, buɗe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya. Je Dimensions ka bar Anamorphic a Automatic, ka duba girman nuni ya fito daidai. Cropping kuma lura da shi, wani lokaci in biki na dare ne yakan ɗauki duhu a matsayin baƙin gefe ya yanke kawunan mutane.

Ta biyu, layukan nan saboda hoton DVD rabi-rabi ake saƙa shi. A Filters kunna Bwdif ko Decomb. Framerate bar shi 25, Constant. Encoder H.264, RF (ma'aunin ingancin hoto) 19 ko 20, sauti AAC 160.

Ɗan Zariya: Allah ya saka da alheri Injiniya.

Abban Khadija: Ƙari kan haka, wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta alamar ko a MP4. Maganinsu a gyara ɗigon tun daga tushe da FFmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni:
ffmpeg -i biki.vob -vf "bwdif=0,scale=1024:576,setsar=1" -c:v libx264 -crf 19 -c:a aac biki.mp4
In 4:3 ne sa 768:576.

Yaro Mai Kwamfuta: Ni dai a ɗaga shi 1080 kawai ya zama HD, a huta.

Injiniya Bala: Ɗan'uwa, ƙara wa kunu ruwa ba ya ƙara gero. Fayil ne zai kumbura, hoton yana nan yadda yake, wani lokacin ma ya ƙara dishi-dishi.

Yaro Mai Kwamfuta: To H.265 fa? Ai ya fi ƙanƙanta.

Abban Khadija: Ya fi, amma kai shi talabijin ɗin falon Hajiya ka ga ko zai buɗe. H.264 ne kowa ke ci.

Maman Usaina: Kuma a daina sake juya abin da ba ya buƙata. In fayil ɗin MKV ne mai H.264 a ciki, umarnin -c copy a FFmpeg ya wadatar, kwali kawai aka canza, hoto ba ya raguwa ko kaɗan. Sai dai in sautin DTS ne, shi kaɗai za a mayar AAC.

Sarkin Dariya: Duk wahalar nan, ƙarshe a tura wa dangi ta WhatsApp ya niƙe shi.

Maman Usaina: A tura shi a matsayin Document, har 2GB yana ɗauka ba tare da ya taɓa shi ba.

Malam Habu: Wai ni filashina ta ƙi karɓar fim mai 5GB, alhali akwai wuri.

Abban Khadija: Tsarin ajiyar filashin FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce 4GB. Mayar da ita tsarin exFAT, amma kwashe kayanka tukuna, kuma duba ko talabijin ɗinka na karanta ta.

Malam Habu: Kash, sai da na goge hotunan suna.