Dan Allah me za mu kira circus da Hausa, da takardun nan na yankawa?

Baban Hanifa, Agege: Salam jama'a. Tun hutun makaranta nake haɗa wa yara kayan wasa na kwali, irin wanda za ka sauko da hoton a waya ka kai bizines senta a buga maka a A4 sai ka yanka da almakashi ka lanƙwasa ka sa gam, sai ga ɗan tanti da doki da giwa da mai tafiya kan igiya duk ba su fi tafin hannu ba. Zanen tsohon yayi ne, wanda na fi so na gidan buga hotuna na Pellerin ne da ke garin Epinal a Faransa, tun 1796 suke sana'ar. To jiya Hanifa ta ce Baba meye sunan abin da Hausa, na yi tsuru-tsuru wlh. Kalma biyu nake nema, shi circus ɗin, da ita takardar da suke cewa printable.

Ɗan Idi-Araba: Malam ai mai sauƙi ne, wasan da'ira. Asalin kalmar Latin ce kuma zobe ko da'ira take nufi. Wani Bature Philip Astley ya fara shi a Landan a 1768, sukuwa yake da doki a zagaye, har yau faɗin filin ƙafa 42 ne wajen mita 13.

Baban Hanifa: Na gode da tarihin amma in na ce wa yaro zo mu yi wasan da'ira ai zai ɗauka lissafi zan koya masa.

Maman Sadik, Obalende: Ni dai wasan gardawa nake gani. Meye a ciki da ba mu da shi? Mai kura da takunkumi, mai biri, mai maciji, 'yan dabo, 'yan kama masu ban dariya, yara na alkafura. Mu ma muna yara in suka shigo unguwa har aike muke mantawa mu sha duka a gida.

Alaramma na Alaba Rago: Hajiya a yi haƙuri ban yarda ba. Gardi a wajenmu babban almajiri ne da ya yi nisa a allo, dama haushin haɗa mu suna da masu kura muke ji, kar a ƙara mana da giwa.

Maman Sadik: Allah gafarta Malam na janye 😂

Tela, Mile 12: Ku duba abin da ya raba nasu da namu mana. Namu a fili ake yi a kasuwa, wanda ya ji daɗi ya yi liƙi, nasu tanti ake kafawa a biya kuɗin ƙofa, a gama a naɗe a tafi wani gari. Don haka wasan tanti. Shi na Baban Hanifa kuma ɗan wasan tanti na kwali, kamar yadda muke cewa motar kara ko motar langa-langa, abin da aka yi da shi shi ke bin sunan. Takardar kuma buga-ka-yanka, irin faɗi-ka-mutu da ake ce wa tangaran.

Ɗan Idi-Araba: Buga-ka-yanka a Legas?? Oga ka faɗi haka a tasha ka ga yadda mutane za su watse. A ce yanka-manna dai.

Baban Hanifa: Wasan tanti ya zauna min, na gwada wa Hanifa ta gane nan take. Yanka-manna ma haka duk da bai ambaci bugawa ba, ai ba ka yanka sai an buga. Masu tambaya ta inbos, na Epinal ɗin ku rubuta Imagerie Pellerin cirque a Google, da Faransanci sun fi fitowa, Jamusawa ma suna da na Schreiber, na zamani kuma a shafin intanet na Canon Creative Park kyauta ne. Kar ku bari a buga a farar takardar fotokwafi, da damshin garin nan kwana biyu giwar ta durƙusa, ku ce kwali mai giram 160 zuwa 200, kuma ku karta layin lanƙwasa da biron da ya ƙare kafin ku naɗe.

Maman Sadik: To mai ban dariyar nan na circus da ke sa hanci ja fa, wawan sarki ko ɗan kama?

Tela: Ɗan kama Hajiya, babu sarki a tanti.