Aiki a ƙarƙashin fasto mai zafin nama

Abin da ma'aikatan ikilisiya suka fi nanatawa a hirar da muka yi kan yadda za a yi aiki da fasto mai zafin nama shi ne, in Baba Fasto irin mai son ganin coci ta cika ne, yau taron farkawa gobe sabon reshe jibi ginin majami'a, to kar ka riƙa amsa "to Baba" kan komai alhali ka san ba za ka iya ba, gara ka same shi a ofis ku biyu ka ce Baba ayyuka uku ne a hannuna, wanne zan fara? Amma banda musu a gaban dattawa, wannan kam kowa ya yarda.

Wata mama daga Zumuntar Mata ta kawo Fitowa sura 18 a Littafi Mai Tsarki, inda Yetro ya ce wa surukinsa Musa zai gaji in bai raba aikin ba, ta ce a tuna wa Baba Fasto wannan cikin ladabi, ni ma nan na fi karkata gaskiya. Kuma in ya tambayi lissafin waɗanda suka zo sujada ranar Lahadi ka ba shi adadin gaskiya ko ya ragu, ka haɗa da sunayen marasa lafiya da ba a ziyarta ba. Ranar hutunka kuma ka roƙa tun farko, iyalinka na da haƙƙi.