Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sintarin"?

Malamai da 'yan uwa, wani malamin fasaha a Tudun Wada ya nemi sunan Hausa ga aikin da Turawa ke kira sintarin, wato a danƙare garin wani abu, a gasa shi har ƙwayoyinsa su manne da juna ba tare da ya narke gaba ɗaya ba. Aron kalmar yadda take bai yi mini ba, domin kunnen Bahaushe sintiri zai ji, ya ɗauka zancen 'yan banga ake yi.

An kawo "narkarwa", amma wannan aikin masu zubin tukwanen alminiyom ne a Panteka. Misalin tangaran ɗin silikon naitirayid, haɗin sinadaran silikon da naitirojin, wanda ake yin ƙwallayen boris da bakin wuƙar yankan ƙarfe da shi, ya isa hujja: shi ba ya narkewa a matsin iska na yau da kullum, idan zafi ya kai wajen digiri 1,850 a ma'aunin Selshiyos sai ya wargaje, naitirojin ɗinsa ya tsere. Saboda haka ake gasa shi tsakanin digiri 1,700 da 1,800, a haɗa masa ɗan garin sinadaran magnishiya ko itiriya da alumina, waɗanda ke haɗuwa da sinadarin silika da ke jikin ƙwayoyin su zama ruwa su ja su wuri ɗaya, kuma in ana son ƙarin zafi sai a matse murhun da iskar naitirojin don kada tangaran ɗin ya wargaje.

Abin da ake nema shi ne kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin su toshe, har nauyin tangaran ɗin ya kusa giram 3.2 a kowane ɗan curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. A nan ne batun ratsawar haske ya shigo, wato yadda haske ke iya wucewa ta cikin tangaran ɗin, domin kowace kafa da ta rage tana watsa haske, 'yan kaɗan ma sun isa su dushe shi. Wuce gona da iri a zafi ko a tsawon lokaci shi ma yana da nasa lahanin, tunda ƙwayoyin kan girma su yi tsawo kamar allurai, su ƙara wa tangaran juriya amma su rage hasken da ke ratsa shi.

Don haka na fi karkata ga "gashin ɗinkewa". Maginan tukwane sun riga sun ba mu gashi, ɗinkewa kuwa da ita muke faɗin ɓaraka ta rufe. Na san a rubuce gashi na iya zama na kai, amma murhu na cikin zancen. Malaman harshe, ku duba mana ko "ɗinkewa" ta fi "curewa" dacewa.