Résilience: juriya ce ko toho?

1. Ƴan uwa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Zan yi bayani a rediyo kan fim ɗin Beats of the Antonov, wanda Hajooj Kuka ya fitar a 2014 a kan mutanen duwatsun Nuba da Bulu Nayil a Sudan. Jirgin sama na Antonov ya zubo bam, a ruga cikin ramuka, yana wucewa a fito, da dare a ɗauki rababa, abin kiɗansu mai tsirkiya, ƴan mata su tada waƙa. Takardar da aka ba ni da Faransanci résilience take kiran wannan. Mu fa, mi za mu ce?

2. Innata ta riga kowa: haƙuri ne, in ji ta. Inna, a gafarce ni, mai haƙuri shiru yake yi yana jiran dutse ya dahu. Waɗannan kuwa kiɗa suke.

3. Da na tambaye ku, mafi yawanku kun ce juriya, ita kuma ƙungiyoyin agaji ke sawa a takardunsu. Ba kuskure ba ce, amma rabin magana ta ɗauko. Jaki ma yana jure kaya daga Jibiya har Maradi, ba ya ƙara komi sai gyambo. Juriya ta ce ba ka faɗi ba, ba ta ce ka sake yin ganye ba. Farfaɗowa sai wanda ya suma. Jajircewa ta fi dacewa da soja.

4. Sai ga saƙon murya daga wani dattijo manomi na wajen Agye. Ya ce, "Ɗana, kai ba ka taɓa sassabe ba? In ka sare sabara ko kalgo, kututture ya zauna kamar ya mutu, saiwa kuwa tana ƙasa da ranta. Ka dawo bayan ƴan watanni ka tarar ya yi toho." Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama mini aiki.

5. Kalmar ta ƙasarmu ce. Sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a rage shi ya zama icce, nan jihar Maradi ya kankama tun wajen 1983, har gonakin da suka zama fili suka koma da inuwa. Ba dashe aka yi ba, abin da ke ƙasa ne ya fito. Haka waƙa take a bakin ɗan gudun hijira: an ƙone gida, an kore shanu, ita tana nan.

6. Wata Hajiya ta ce ina zurfafawa, wai mi ya haɗa mu da Sudan. Hajiya, ran ki ya daɗe, Maradi kanta garin ƴan gudun hijira ne. Birnin Katsina ya faɗi hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa, ɗan gidan sarautar Katsina, ya zo ya zauna nan da jama'arsa. Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ganuwa ba ta ɗaukuwa a ka, amma tambari da kirari sun biyo su, shi ya sa har yau Sarkin Katsina muke cewa a Maradi. Tun 2019 kuma ga baƙinmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a Garin Kaka da Cadakori. In ana suna ko biki a can, matan nan ba sa aron waƙar kowa.

7. Wani malamin lakwal ya kawo suka mai kyau: toho ba ya shiga kowace jimla, ba a cewa "tohon magidanci a shekarar fari". Gaskiyarka, Malam. A can juriya ta ci gaba da aikinta. Inda ake maganar al'ada da aka sare ta dawo, sai mu ce tohon al'ada. Masu cewa tofo ma ba mu yi faɗa ba.

8. Jimlar da zan karanta ke nan: "Fim ne a kan yadda al'adar mutanen Nuba ta yi toho a ƙarƙashin bam." Na gwada ta a kan Inna, ba ta ce in maimaita ba, ta dai tambaya ko rababar nan gurmi ce.