Bidiyon biki na 4K yana sa kwamfutata tsayawa

Mai ɗaukar hoto, Nima:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon bukukuwan aure da na suna a Nima da Mamobi, amma duk lokacin da na zuba bidiyon 4K, wato mai tsananin tsabtar hoto, cikin manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro, sai kwamfutata mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB ta riƙa tsayawa. Shin dole ne in sayi sabuwa?

Mai tace bidiyo, Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar saye. Idan kyamararka da tsarin matse bidiyo na H.265 take ɗauka, bidiyon a matse yake ƙwarai, kuma warware shi ne ke gajiyar da inji. Ka haɗa proxy, wato ƙananan kwafi na 720p, ka yi yanke-yankenka da su. Lokacin fitar da kammalallen bidiyon, manhajar za ta koma kan na asali da kanta.

Hajiya mai situdiyo, Sabon Zongo:
Gaskiya ne, sai dai ka ajiye aikin a SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, kuma kada ka goge katin kyamara sai ka kwafe shi wuri biyu, domin amarya ba za ta sake zaman lalle saboda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya lalata maka fayil ba.

Mai ɗaukar hoto, Nima:
Na gode, Hajiya. Zan gwada a daren nan, in Allah ya yarda.