Naira dubu 600: wane kaya zan saya in haɗa kwamfutar tebur?

Sadik_Zane:

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in haɗa kwamfutar tebur, kuɗin da na ware naira dubu 600 ne, ban da monita da kibod da linzami. Aikina CorelDRAW da Photoshop kullum, gyaran bidiyon biki mai 1080p jefi-jefi, sai wasan ƙwallo da daddare. A Kano nake. Wani mai shago ya kawo mini furosesa Intel Core i7 na hannu, da RAM 16GB sanda ɗaya, da kes mai zuwa da fawa-fak ɗinsa, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. In karɓa, ko akwai abin da ya fi?

Injiniya_Kabiru:

Wa alaikumus salam, Malam Sadik. Ka fara tambayarsa i7 ɗin na wane zamani ne, domin sunan kaɗai ba ya nuna komai. Yawancin i7 masu araha a kasuwa i7-3770 ne na 2012 ko i7-4790 na 2014. Ƙwayoyin aiki huɗu ne da su, tsohon RAM na DDR3 suke ci, kuma ƙaramin i3-12100 na 2022 ya fi su gudu nesa ba kusa ba. Ga kuma matsalar Windows 11: a hukumance sai Intel na zamani na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, alhali Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Da wannan kuɗin, ka gina a kan furosesan AMD Ryzen 5 5600G. Ƙwayoyi 6, wat 65, yana zuwa da fankarsa a kwali, kuma girafik ɗin da ke cikinsa ya isa Corel da Photoshop da bidiyon 1080p ba tare da ka sayi kati ba. Ka kula da harafin G ɗin nan. Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da girafik a ciki. Ka ɗora su ba kati, fanka za ta juya amma monita ba zai nuna komai ba. Haka Intel mai F a ƙarshe, irin 12100F.

Madabod kuwa, wato allon da komai ke hawa kansa, ka nemi mai soket AM4, samfurin A520 ko B450 ko B550, girman micro-ATX. A520 ya wadatar, sai dai ka nemi mai ramin RAM huɗu in ka samu, da ramin M.2 na SSD, da kafar HDMI a baya. B450 ya girmi wannan furosesa, don haka in tsohon kaya ne da ya daɗe a kanta, BIOS ɗinsa, manhajar da ke tayar da bod ɗin, ba zai gane 5600G ba sai an sabunta. Ka duba kwalin ko an manna “Ryzen 5000 Desktop Ready”. In babu, a kunna a gabanka kafin ka biya.

Sanda ɗaya ta 16GB kada ka karɓa. Ka sayi sanda biyu masu 8GB, DDR4-3200, iri ɗaya. Girafik na cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, a RAM yake aro, kuma sanda biyu suna ninka faɗin hanyar da bayanai ke bi. A wasa bambancin a fili yake. In ramuka huɗu ne, ka sa su a na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, su ne A2 da B2. Bayan haka ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wanda Asus ke kira DOCP a bod ɗin AMD, in ba haka ba yawancin RAM zai zauna a 2133 ko 2400, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora.

Ma'ajiya: SSD NVMe M.2 2280 mai 500GB don Windows da manhajoji. Bidiyon biki yana cin wuri, ka ƙara had-dis 1TB daga baya.

Maman_Haidar_Sola:

Injiniya ya gama maganar furosesa. Ni kes ɗin nan mai zuwa da fawa-fak ne ya tsaya mini a rai. Ka sayi kes ɗin in ya yi maka, amma ka cire abin da ke cikinsa.

Ga yadda ake gane na banza. Ka karanta takardar da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V, ka ninka amfiyarsa da 12. Furosesa da katin girafik duk daga wannan layin suke sha. Fawa-fak mai kyau na wat 550 zai ba da wajen amfiya 45 a nan, kusan wat 540 ke nan. Na cikin kes za ka ga an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, amma layin 12V bai wuce amfiya goma sha wani abu ba. Ka ɗaga shi ma, ba nauyi. Irin waɗannan sau da yawa ba su da kariyar kirki, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi sai su tafi da madabod da SSD.

Ka nemi wat 450 zuwa 550 mai shaidar 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Cooler Master, MSI ko Seasonic, sabo fil a kwali. Wannan kaɗai ne ba a saye na hannu. Sannan ka duba abin da yake karɓa daga bango: akwai mai 100 zuwa 240V, akwai mai 200 zuwa 240V kawai. Da yadda wutarmu ke yin rauni da yamma, na farkon ya fi dacewa, na biyun yana iya kashe kansa da zarar ta sauka.

Ka bar kuɗin UPS a cikin lissafi. Wannan haɗin da wuya ya ja wat 150, saboda haka 650VA, wanda ainihinsa wajen wat 360 ne, zai ɗauke shi da monita har ka adana aiki ka kashe. Abin lura: fawa-fak na zamani ba ya jituwa da wasu inbata da UPS masu araha da wutarsu ba santsi. Za ka ji yana tsuwa, ko kwamfutar ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. In kana da inbata a gida, ka tabbata mai tsabtatacciyar wuta ce.

Abba_PES:

Ni dai ban yarda da 5600G ɗari bisa ɗari ba, Oga Injiniya. Mutum ya ce yana wasa. Da girafik na ciki, sababbin wasannin ƙwallo sai ya sauke komai ƙasa, wani lokaci har 720p. Me zai hana i3-12100F da bod H610, ya nemi GTX 1660 Super na hannu? Katin 6GB ne, wat 125, kuma yana saurin fitar da bidiyo a Premiere.

Sai dai kasuwar katin hannu cike take da tarko. RX 580 da ake tallatawa da araha, da yawansu sun sha haƙar kirifto dare da rana, wasu kuma samfurin 2048SP ne, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne aka sauya masa suna. Na gaskiyar ma wat 185 yake ci, ga zafi. Ka tafi da manhajojin GPU-Z da FurMark a filash, ka duba sunan katin da ta farko, ka bar shi yana gudu a ta biyu minti goma sha biyar. Ɗige-ɗige ko layuka a sikirin, ko fanka mai ƙara, ka ajiye musu.

Injiniya_Kabiru:

Maganarka tana kan hanya, Abba, in wasa ne gaba. Amma kuɗin kati a nan daga fawa-fak da UPS za a yanko shi, kuma da kati UPS mai 650VA zai iya yin kaɗan. Ga shi kayan hannu ba garanti. Da 5600G yau zai fara aiki, in kuɗi sun samu ya soka RX 6600 ko 1660 Super a ramin da ke jira, wat 550 zai ɗauka. Raunin 5600G dai shi ne tsohuwar hanyar PCIe 3.0 yake bi wajen magana da kati, amma a wannan ajin na kati asarar kaɗan ce.

Sadik_Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan bi 5600G. Wajen haɗawa fa, me ya fi lalacewa?

Maman_Haidar_Sola:

Allurorin furosesa. A AM4 a jikinsa suke, ka daidaita alamar kusurwa uku ta zinare da ta soket, ya faɗa da kansa, ba a dannawa. Fankar kwali tana zuwa da man sanyaya furosesa a shafe, kada ka ƙara wani. In wata rana za ka cire ta, ka kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga, domin busasshen mai yana fizgo furosesa daga soket ya lanƙwasa allurai.

Ka fara gwadawa a kan kwalin madabod kafin ka sa a kes. A cikin kes, ka ƙirga ƙananan ginshiƙan ƙarfe da bod ke zama a kansu. In akwai ɗaya a wurin da ba huda, zai taɓa ƙasan bod ya haɗa wuta. Wayoyi biyu ne dole, mai baki 24 da mai baki 8 na kusa da furosesa. Na biyun ake yawan mantawa, kuma kada ka musanya shi da mai 6+2, wannan na katin girafik ne.

SSD kuma akwai jabu. Ka buɗe CrystalDiskInfo ka ga awannin da ya yi aiki, sabo ya kamata ya nuna kusan sifili, sannan H2testw ya tabbatar maka girman gaskiya ne.

Kes ya zama mai raga a gaba da tacen ƙura, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa ta baya. Ka ɗora shi a tebur, ba a ƙasa ba. Lokacin hunturu ka busa shi da bulowa duk wata, ka riƙe fankokin da yatsa kada iskar ta juya su fiye da kima. Iyakar 5600G digiri 95 ne. In ka ga yana haura 85 a zafin Afrilu, ka duba ƙura da zaman fanka.